Na manta kalmar sirrin laftof ɗina, mai gyara ya ce sai an yi fomat

Assalamu alaikum. Wata ƙanwarmu ce ɗalibar ajin ƙarshe a jami'a ta aiko min da tambaya, ta ce laftof ɗinta HP ce mai Windows 10, ta tafi gida ta yi kusan wata biyu tana jinyar mahaifiyarta ba ta kunna ba, da ta dawo kalmar sirri ta ƙi shiga, ta gwada duk wadda ta tuna abu ya gagara. Furojet ɗinta babi na ɗaya zuwa na huɗu yana ciki kuma ba ta da kwafi a ko'ina. Ta kai wa mai gyara ya ce babu wata hanya sai fomat. Tana tambaya ko da gaske ne.

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba Mama lafiya. Ba gaskiya ba ne, kuma don girman Allah kar ki bari kowa ya yi wa na'urar nan fomat a yanzu. In ma tana shagon ne ki je yau ɗin nan ki karɓo abarki. Ba ina cewa mai gyaran macuci ba ne, a'a, da yawansu fomat ce hanyar da suka fi sabawa da ita saboda minti arba'in an gama an karɓi kuɗi, amma shi ba furojet ɗinsa ba ne a ciki. Kalmar sirrin Windows kamar kwaɗo ne a ƙofar ɗaki, kayan ɗakin suna nan yadda kika bar su ba abin da ya taɓa su, fomat kuwa share ɗakin ne gaba ɗaya a watsar da kayan. Na shekara da shekaru ina aikin gyaran kwamfuta, kuma mafi yawan waɗanda suka zo min da irin matsalarki sun tafi da fayilolinsu cif.

Kafin ma mu je ga manyan hanyoyi, fara da ƙananan abubuwan nan da mutane ke rainawa, don wallahi sau da yawa ba mantuwa ba ce, kibod ne. Ki duba ko Caps Lock a kunne yake. Ki duba Num Lock, domin akwai laftof ɗin da idan ya kunnu sai haruffan U, I, O su koma 4, 5, 6, su J, K, L kuma su koma 1, 2, 3, ke kina rubuta daidai ita tana karɓar wani abu daban. A ƙarshen akwatin da ake rubuta kalmar sirri akwai wata 'yar alama kamar ido, ki danna ki riƙe za ki ga ainihin abin da kika rubuta. Sannan ki kalli can ƙasa ta hannun dama, in kin ga ENG ko FRA ki danna ki ga ko tsarin kibod ya canza. Kibod ɗin Ingila da na Amurka sun sha bamban a wajen alamar @, ɗaya tana kan Shift da 2, ɗayan kuma tana can kusa da Enter. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma masu kibod ɗin Faransa sun san wannan sarai, A da Q suna musayar wuri, Z da W ma haka, lambobi kuma sai an haɗa da Shift. Akwai wani dattijo da ya taɓa zuwa wajena ransa a ɓace yana cewa jikokinsa sun canza masa kalmar sirri, ashe maɓallin E ne ya mutu, shayi ya zuba a kai. Muka buɗe kibod ɗin kan sikirin ta alamar Ease of Access da ke ƙasa, ya danna haruffan da maus ɗaya bayan ɗaya, sai ga ta ta buɗe. Ki gwada wannan ke ma.

Wani abin kuma, ki tabbatar abin da ake tambayarki. PIN daban kalmar sirri daban. Mutane da yawa sun saba shiga da PIN na lamba huɗu ko shida har sun manta akwai wata kalmar sirri a bayansa. In kin ga Sign-in options a ƙasan akwatin ki danna, za ki ga alamar makulli da alamar lambobi, ki gwada kowanne da nasa. In kika yi ta kuskuren PIN za ta ce ki rubuta A1B2C3, kar ki tsorata, ba lalacewa ta yi ba, tana so ne ta tabbatar mutum ne ke dannawa.

To idan duk wannan bai yi ba, tambayar da komai ya rataya a kanta ita ce wane irin akawun ne a kwamfutar. Iri biyu ne. Akwai akawun na Microsoft, wanda aka buɗe da imel irin su Outlook ko Hotmail ko ma Gmail, shi kalmar sirrinsa tana wajen kamfanin ne a intanet. Akwai kuma na cikin gida, wanda a kwamfutar kaɗai yake, Microsoft ba su san da zamansa ba kuma ba su da yadda za su taimake ki a kansa. Yadda za ki gane, ki rubuta kalmar da ba daidai ba ki danna Enter sannan OK. In kin ga an rubuta I forgot my password, ko kin ga imel a ƙasan sunanki, na Microsoft ne. In kuma Reset password kika gani, wataƙila har da 'yar tunatarwar da kika rubuta wa kanki lokacin buɗewa, to na cikin gida ne.

In na Microsoft ne kin huta, ko shago ba sai kin je ba. Ki ɗauki wayarki ki shiga account.live.com/password/reset, ki sa imel ɗin, za su turo miki lamba ta wayar ko imel ɗin da aka jona da akawun ɗin, ki sa lambar ki zaɓi sabuwar kalma. Ga inda mutane ke tuntuɓe, sai su dawo kan laftof su sa sabuwar ta ƙi, su ce bai yi ba. Dalili shi ne laftof ɗin tsohuwar kalmar ta riƙe, ba ta san an canza ba sai ta hau intanet. Ki kunna hotsifot a wayarki, a sikirin ɗin shiga akwai alamar Wi-Fi a ƙasa ta dama, ki jona, ki ɗan jira kamar minti ɗaya sannan ki sa sabuwar.

Matsalar da ta fi addabar mutanenmu a nan ita ce layin waya. Mutum ya buɗe akawun da layin da ya ɓata tun shekara uku, ko wanda aka rufe lokacin haɗa layi da NIN, kuma kin san layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani na iya sake sayar da shi ga wani. In layin naki ne kuma bai fita daga hannunki ba, ki je ofishinsu da NIN ɗinki a dawo miki da shi, wannan ya fi komai sauƙi. In ba zai dawo ba akwai fom a account.live.com/acsr, za su tambaye ki tsofaffin kalmomin sirri da kika taɓa sawa, ranar haihuwar da aka sa, mutanen da kika taɓa tura wa imel da kan saƙonnin. Ki cika duk abin da kika tuna, na'ura ce ke duba amsoshin ba mutum ba, don haka yawan bayani na gaskiya shi ne ke taimako. Amma in an kunna tabbatarwa mai mataki biyu a akawun ɗin kuma duk hanyoyin sun kuɓuce, Microsoft da kansu sun ce fom ɗin ba zai yi aiki ba. Ko a nan ma fayilolinki ba lallai sun tafi ba, zan zo kan wannan.

In kuma na cikin gida ne, wanda ni nake kyautata zaton shi ne naki tunda yawancin laftof ɗin da ake saya na hannu haka masu shago ke saita su, ki danna Reset password ɗin nan. Tun fitowar Windows 10 siga mai lamba 1803 a shekarar 2018 aka ƙara tambayoyin tsaro guda uku ga irin wannan akawun, irin su garin da aka haife ki, sunan makarantarki ta farko, sunan da ake kiranki da shi kina yarinya. In ke kika amsa su da kanki lokacin saitawa, ki amsa yanzu nan take za ta ba ki wurin sa sabuwar kalma. In yaron shago ne ya saita, ki kira shi, da yawansu harafi ɗaya ko lamba ɗaya suke sawa a duka ukun don su wuce da sauri, kuma sun san abin da suka saba sawa. In kuwa da kika danna sai ta ce ki saka filash, tana neman filash ɗin ceto ne wanda ake haɗawa tun kafin a manta, in ba ki taɓa yinsa ba ki rufe wajen kawai, ba a iya yinsa bayan an kulle.

Sai ki kalli ƙasa ta hagu a sikirin ɗin, akwai wani suna ban da naki? In akwai akawun ɗin yayanki ko wanda ya ba ki kwamfutar kuma shi admin ne, wato mai cikakken iko a kan kwamfutar, to shi zai iya canza miki. Ya shiga nasa, ya nemo Command Prompt, baƙin allon da ake rubuta umarni a ciki, ya buɗe ta da Run as administrator, ya rubuta net user ya danna Enter zai ga jerin sunayen duk masu akawun. Sai ya rubuta net user, ya ba da tazara, sunanki yadda ya fito, tazara, sannan alamar tauraro *. Za ta nemi sabuwar kalma sau biyu, kuma lokacin da yake rubutawa ba abin da zai bayyana a sikirin, haka take, ya ci gaba kawai. In sunan kalma biyu ne ya sa shi tsakanin alamar zance.

Yanzu in duk ƙofofin nan a rufe suke, nan ne ake bukatar mai gyara, amma ki je da sharaɗinki. Sharaɗin shi ne a kwafe miki fayiloli tukuna kafin a taɓa komai. Abu ne mai sauƙi ga wanda ya san aikinsa, ko dai ya tayar da kwamfutar da filash mai Ubuntu ko Hiren's a kai, wato manhajojin da ke tayar da kwamfuta ba tare da Windows ɗin cikinta ba, ya shiga foldar Users ya buɗe mai sunanki ya kwafe Desktop da Documents da Downloads da Pictures, ko kuma ya kwance had disk ɗin ya sa shi a 'yar kwalinsa ya jona a wata kwamfutar kamar filash. Ki tsaya a wajen, ki ce ya buɗe miki babi na huɗu a wata kwamfutar ki gani da idonki ya buɗu, ki tura wa kanki ta imel a nan take. Bayan nan duk abin da zai faru ya zo da sauƙi.

Sannan ya cire kalmar sirrin. Windows tana ajiye ta ne a wani fayil mai suna SAM, ba a rubuce yadda kika sa ba, a dagule take ta yadda ba a karantawa, shi ya sa ba wanda zai gaya miki tsohuwar, abin da ake yi shi ne a goge ta ko a ɗora sabuwa a kai. Wasu da manhajar cikin Hiren's suke yi, wasu kuma da filash ɗin Windows, su danna Shift da F10 su sami baƙin allo, su musanya fayil ɗin utilman, mai buɗe Ease of Access, da cmd, na baƙin allon, na ɗan lokaci don su iya rubuta net user daga sikirin ɗin shiga. In wannan ta biyun ya bi, ki ce lallai ya mayar da utilman yadda yake bayan ya gama, in ya bari haka duk wanda ya san dabarar zai shiga kwamfutarki cikin minti biyu. Kuma ki sani akwai ɗan abin da ake rasawa idan aka canza kalma ta ƙarfi haka, ko ta hannun admin ma, kalmomin sirrin da Chrome ya ajiye miki na Facebook da fotal ɗin makaranta suna iya ɓacewa sai dai in kin jona shi da akawun ɗin Google, haka duk fayil ɗin da aka kulle da tsarin EFS, wato kulle fayil na Windows, ba zai buɗu ba. Fayil ɗin Word na yau da kullum kam lafiyarsa ƙalau.

Kar ki ji haushi in mai gyara ya nemi rasit ko wata shaida cewa taki ce. Ni ma ina nema. Laftof ɗin sata na yawo sosai musamman a wajen ɗalibai, kuma wanda aka sace wa shi ma furojet ɗinsa na ciki.

Akwai abu ɗaya da yake ba ni tsoro a duk wannan harkar, shi ne BitLocker, kuma ina so ki fahimce shi da kyau. Duk abin da na faɗa a sama na kwafe fayil da cire kalma yana aiki ne in had disk ɗin a buɗe yake. BitLocker shi dagula duk abin da ke kan disk ɗin yake yi, in aka cire shi aka kai wata kwamfutar ba abin da za a gani sai neman makulli mai lamba 48. Ba mai gyaran da zai fasa shi, a Beirut Road ne a Kano ko Banex a Abuja ko Computer Village a Legas, duk wanda ya ce miki zai fasa kuɗinki kawai zai ci. Sababbin laftof da yawa suna kunna shi da kansu da zarar an shiga da akawun na Microsoft, mai ita bai ma sani ba, kuma daga Windows 11 ta 24H2 abin ya ƙara yawa. Makullin yana zuwa ne ya zauna a cikin akawun ɗin, ana ganinsa a account.microsoft.com/devices/recoverykey.

Na ga wannan da idona a kan wani bawan Allah ɗan kasuwa, lissafin bashin da yake bin mutane na shekaru yana cikin Excel a laftof ɗinsa. Ya manta kalma, ya kai wani waje aka shiga BIOS, wato saitin na'urar da ke tashi kafin Windows, aka yi ta canje-canje don a tayar da ita da filash, da aka sake kunnawa sai shuɗin allo yana neman lamba 48. Da ya zo wajena na tambaye shi imel ɗin da aka buɗe akawun da shi, ya ce shi bai san wani imel ba, yaron shagon da ya saya ne ya saita masa. Muka nemo yaron da ƙyar, ashe imel ne ya ƙirƙira a ranar don ya wuce matakin, bai rubuta a ko'ina ba. Allah ya taimaka muka mayar da saitin BIOS ɗin yadda yake tun farko ta daina neman makullin, daga baya kuma matarsa ta tuno masa kalmar, amma kwana uku mutumin nan bai yi barcin kirki ba, ni ma abin ya tsaya min a rai. Don haka ki ce wa mai gyara kafin ya taɓa BIOS ya duba, in ya sami baƙin allo ta Troubleshoot ya rubuta manage-bde -status zai ga ko a kulle disk ɗin yake. In a kulle ne a dakata, a nemo makullin tukuna. Tsohuwar HP mai akawun na cikin gida da wuya a same ta da shi, amma dubawa ba ta cin ko minti biyar.

In kuma kalmar da ake tambayarki tana fitowa ne tun kafin tambarin Windows, a baƙin allo ko toka-toka da zarar kin kunna, wannan ta BIOS ce, maganarta daban. A kwamfutar tebur cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo yakan goge ta, amma a laftof irin su ThinkPad ba ya yi. Bisa bayaninki ba ita ba ce.

To bayan Allah ya sa an buɗe, ga abin da nake so ki yi a ranar, kar ki ce sai gobe. Ki buɗe akawun na biyu. Ki shiga Settings, Accounts, Family & other users, Add someone else to this PC, in ta nemi imel ki zaɓi I don't have this person's sign-in information, sannan Add a user without a Microsoft account. Ki sa masa suna da kalmar sirri daban, ki amsa tambayoyin nan uku da amsar da ke kika sani, sai ki danna sunan ki zaɓi Change account type ki mai da shi Administrator. Ki fita ki shiga cikinsa sau ɗaya ki tabbatar yana aiki. Wannan shi ne makullinki na ajiya, ki rubuta kalmarsa a takarda ki sa cikin fayil ɗin da takardun makarantarki suke a gida. Na san ana cewa kar a rubuta kalmar sirri, abin da ake hanawa shi ne manna ta a jikin kwamfutar ko a bar ta a jakar laftof ɗin, takardar da ke cikin akwatinki a gida ɓarawon intanet ba shi da hanyar kaiwa gare ta.

Ni a ra'ayina ma wanda kike aiki da shi kullum ki mai da shi Standard, bayan kin tabbatar wancan admin ɗin yana shiga, kar ki juya tsarin. Amfaninsa duk manhajar da za ta shigar da kanta sai an nemi kalmar admin, kuma ke da kike kai filash shagon buga takardu kullum kin san irin ƙwayoyin cutar da ake kwasowa. Ƙawayen ɗaki masu aron laftof su kalli fim ko ƙannenki masu gem, ki buɗe musu nasu akawun ɗin Standard, ba za su ga foldarki ba kuma ba za su iya canza miki kalma ba. Bayar da akawun ɗaya ga mutum biyar shi ne ke kawo rigimar wa ya goge min wa ya canza min. In za ki tashi ko na minti biyu ne ki danna maɓallin Windows da L ta kulle. Ranar da kuma za ki goge wani akawun ki kula, ta Settings tana tafiya ne har da duk fayilolin mai shi, ki kwafe tukuna.

Ki haɗa filash ɗin ceton nan ma tunda yanzu kin san amfaninsa, ki saka filash ki rubuta password reset disk a wajen bincike ki bi matakan, ɗan ƙaramin fayil ne zai ajiye kuma ko kin canza kalma sau goma yana aiki, sai dai duk wanda ya riƙe shi zai iya shiga, don haka a gida za ki ɓoye shi. Kalmar kanta ki bar sa lambar waya ko shekarar haihuwa, ki haɗa kalmomin Hausa huɗu ko biyar da ke kaɗai kika san alaƙarsu, ta fi tsawo ta fi sauƙin tunawa. Furojet kuma duk daren da kika yi rubutu ki tura wa kanki ta Gmail ko ki ɗora a Google Drive, suna ba da 15GB kyauta, babi ɗaya na Word ko datar naira ashirin ba zai ci ba. Had disk na mutuwa ba sallama, wannan ya fi mantuwar kalma ciwo nesa ba kusa ba.

Windows 10 ɗin ma Microsoft sun daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba 2025, amma wannan ki bar shi sai kin kare furojet, kar ki canza komai a tsakiyar aiki.

Yanzu dai ki karɓo laftof ɗin, ki sa kalmar da ba daidai ba, ki ɗauki hoton sikirin ɗin gaba ɗaya har da ƙasa hagu da dama ki turo min, ki kuma gaya min wanda ya saita ta ranar da aka saya. Daga nan zan gaya miki wacce za ki bi a cikin hanyoyin nan. Allah ya sa a buɗe lafiya, ya ba da sa'ar kare karatu.